Masar Konsuwelo

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ɗakin haihuwa, a gidan suna, har a kasuwar Wunti in na tsaya sayen tattasai, tambayar ɗaya ce: "Sista Asabe, yaya Amurka?" Nakan ce lafiya lau, sai dai sanyi. Rannan Sista Laraba ta ce wannan ba amsa ba ce, mutum ba zai yi wata goma a wata duniya ya dawo da kalma biyu ba. To, ga shi na zauna na rubuta. Mai jiran labarin dogayen benaye ya yi haƙuri, ban ga da yawa ba.

A farkon shekarun tamanin ɗin nan aka zaɓe ni kwas na ƙarin ilimin ungozoma a wani gari mai suna Greensboro. Maigidana ya amince, yara biyu kuma na bar wa Inna. Ran tafiya motarmu ta yi faci bayan Ningi, ta sake yi kafin Birnin Kudu, har na fara tunanin ko Allah ne yake nuna mini in koma. Muka isa Kano da ƙyar, jirgi ya ɗebe mu zuwa London, wani ya kai mu New York.

A nan na fara sanin na bar gida. Ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina, ya ɗaga murfin kwanon da Inna ta ɗaure da tsumma, sai ya ja da baya kamar ya ga maciji.

"Mene ne wannan?"

"Daddawa ce. Ta miya."

"Ci ake yi?"

Na ce ƙwarai kuwa. Ya sa safar hannu, ya ɗauki kwanon da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara. Kilishi ma ya bi. Garin kuka kuwa, ya daɗe yana shinshinawa, ya kira wani, su biyu suka yi ta shawara, daga baya suka bar mini. Ban yi kuka ba sai da na shiga ƙaramin jirgin da zai kai ni Greensboro, don na tuna kwana nawa Inna ta yi tana haɗa daddawar nan da hannunta.

Makaranta ta samo mini ɗaki a wata unguwa da ake kira Glenwood, gidan wata tsohuwar Baturiya, Misis Gibsin. Mijinta ya rasu, ɗanta yana wata jiha, yakan bugo waya ran Lahadi. Ba muguwa ba ce. Ranar farko ta nuna mini ɗakina, da banɗaki, da ɓangarena a cikin firji, ta ce abincin kowa nasa ne. Da yamma ta ɗora farantinta a cinya ta zauna gaban talabijin tana ci, ni ina tsaye, ba ta ce bismilla ba. Na ɗauka fushi take yi da ni. Sai da na yi mako na gane haka suke, ba da wata manufa ba.

Gaisuwarsu ma haka. Mutanen garin suna da fara'a, kowa ka haɗu da shi a hanya zai yi murmushi ya ce yaya kake. Amma kafin ka buɗe baki ya wuce. Sau biyu ina tsayawa zan amsa, in tambayi iyali da gajiya, sai in ga ina magana da bayan mutum. A aji mu goma sha wani abu ne, ana tashi kowa ta nufi motarta. Akwai Asabar da Lahadin da na yi ban furta kalma ko ɗaya ba in ban da a salla.

Abinci kuwa, masara suna da ita, sai dai sun ɓata ta. Da safe suna dama tsakinta fari fat, babu yaji babu tsami, su sa man shanu. Suna gasa burodinta da sukari. Na sayi garin na tuƙa tuwo, na kaɗa kuka ba daddawa, na ci don dole.

Hausawan da na samu gida ɗaya ne: Malam Isiyaku, mutumin Zariya, yana karatun aikin gona a jami'ar da ke gabashin gari, da matarsa Anti Rabi. Sai na shiga bas biyu kafin in isa, don haka sau ɗaya nake zuwa a wata. Mutanen kirki ne, amma shi kullum yana gonar gwaji, ita tana aikin wanki a otal. In na gaida 'ya'yansu da Hausa su amsa da Turanci. Nakan dawo daga gidan kewar yarana ta fi ta da.

A bayan gidan Misis Gibsin akwai wani ɗan ɗaki manne da garejin mota. Da sanyi ya fara shigowa aka sa wata yarinya a ciki, ba za ta wuce shekara ashirin ba, gajera, mai dogon gashi har gadon baya. Misis Gibsin ta ce sunanta Konsuwelo, 'yar Meziko ce. Mijinta Ramiro yana cikin masu zuwa cirar ganyen taba, kaka ta ƙare ya bi 'yan'uwansa kudu tsinkar lemo, ya bar ta nan tana yi wa tsohuwar shara da wanke-wanke a bakin kuɗin ɗaki. Turancinta bai fi kalma ashirin ba. Ni kuma ban san ko ɗaya a yarensu ba. Mukan haɗu a kicin, ta sunkuyar da kai, in sunkuyar.

Wata safiya ina shirin fita na ji ana amai a bayan gida. Shekara goma sha biyu ina aikin nan, na san amai da amai. Na leƙa na same ta durƙushe gindin famfo. Na riƙe mata goshi har ta gama, na nuna cikinta, ta ɗaga yatsu biyu, wato wata biyu. Na duba idonta, na ja fatar hannunta, ban ji daɗin abin da na gani ba.

Laulayi ne mai tsanani. Mako biyu ina lura da ita. Burodi ba ya zama, madara ba ta zama, miyar gwangwani da Misis Gibsin ta ɗumama mata ko ƙanshinta ba ta so. Ruwa kawai da ɗan gishiri da sukari nake samu ta kurɓa. Zoben hannunta ya fara zamewa. Na ce mata asibiti, kalmar kusan ɗaya ce a yarensu, sai ta ƙanƙame ƙarfen gado tana girgiza kai.

"Babu takarda, Sinyora. Babu takarda."

Sinyora take ce mini, wato uwargida a yarensu. Na fahimta. Tana tsoron in ta shiga a rubuta sunanta a mayar da ita ƙasarsu, mijinta ya dawo bai same ta ba. Na yi ta lallashi da hannu da baki, ta ƙi. Na zauna bakin gadon na ce, da Hausa don na gaji da Turancin, "To ƙanwata, me za ki ci? Faɗa mini ko mene ne." Na nuna baki, na nuna ciki. Ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce a hankali:

"Masa."

Na ce, "Me kika ce?"

"Masa, Sinyora."

Ku da kuka san ni kun san abin da na ji. Ni 'yar Bauchi, a ce mini masa a tsakiyar Amurka! Ban tsaya tunanin yadda aka yi 'yar Meziko ta san masa ba. Na ce a raina ikon Allah, ashe har can ta kai. Ranar ko aji ban natsu ba. Na jiƙa shinkafa, na ari injin markaɗen Misis Gibsin, na sa yis na rufe ƙullun kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Tanda babu, sai na ɗauki farantin gasa kek mai ramuka na ɗora a wuta. Rabi ta ƙone, rabi ta kama, amma na fid da shida masu kyan gani. Na jera a faranti na kai mata ina ji da kaina.

Ta dubi farantin, ta dube ni. Ƙanshin man ya bugi hancinta, ta tashi da gudu sai gindin famfo.

Da ta dawo na nuna farantin na ce, "Masa." Ta ce a'a. Na ce wallahi masa. Sai ta fashe da dariya, dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba, tana riƙe da ciki, hawaye na zuba, har dariyar ta koma kuka sosai. Na bar ta ta yi. Bayan nan ta ɗauki birona ta zana zangarniyar masara a bayan littafina, ta zana tukunya, ta kwaikwayi niƙa a dutse, ta dunƙula abu a hannu ta shiga tafa shi tsakanin tafukanta. Ashe a yarensu masa ƙullun masara ne. Masata shida ni na cinye su a tsaye, da sanyinsu.

Daga nan na shiga nema. Na kawo mata garin masarar kanti, ta jiƙa kaɗan a tafin hannu ta matsa, ya wargaje kamar yashi. Ta girgiza kai. Na kawo mai laushi, shi ma haka. Na bi manyan kantuna uku a bas, ina tambaya. A na farko aka ce ba a taɓa ji ba. A na biyu wata mata ta kai ni gaban wani busasshen biskit na Yahudawa mai suna kusan haka. A na uku manajan ya ce in gwada Texas, ya yi dariya, ban san tafiyar kwana biyu ba ce sai daga baya. Na dawo a bas ɗin ƙarshe na yamma, yatsun ƙafata sun mutu don sanyi, hannuna babu komai. Na tarar ko ruwan da na bar mata ba ta iya shanyewa ba. Na yanke a raina in Litinin ta yi ba ta ci ba, zan kira motar asibiti ko za ta tsane ni har abada.

Ran Juma'a na buga wa Malam Isiyaku waya. Da na gama bayani sai da ya yi dariya ta ishe shi.

"Sista, ai ba gari ba ne matsalar. Dafa masarar suke yi da farar hoda, irin wadda ake shafe bango da ita. Kamar dai yadda namu suke sa toka ko kanwa. Shi ke sa ƙullun ya yi danƙo. Ba za ki samu a kanti ba."

"To a ina zan samu, Malam?"

"Akwai wata gonar taba wajen Summerfield da muka je ɗibar ƙasa. Na ga 'yan Meziko da ba su tafi ba. Amma gobe ina da aiki a ɗakin gwaji, ga rahoton da zan miƙa."

Na ce, "Malam, yarinyar nan ciki gare ta, kuma ba ta da kowa. In Anti Rabi ce a ƙasar wasu fa?"

Sai ya ce in shirya gobe ƙarfe tara.

Konsuwelo ba ta iya zaman mota, sai ta rubuta 'yar takarda da yarensu ta ba ni. Muka kama hanyar arewa da gari. Malam ya manta kwanar, muka faɗa wata gonar dawaki. A can na ga doki sanye da bargo, ɗakinsa da fitila da abin ɗumama, ya fi ɗakin Konsuwelo kyau nesa ba kusa ba. Karnuka uku suka kewaye motar, muka ƙi fita. Matar gidan ta zo da takalmin roba har gwiwa, ta saurare mu ta tagar da muka sauke kaɗan, ta nuna wata hanyar jar ƙasa. A hanyar nan taya ta nutse a laka, na fita na tura, zanena ya yi kaca-kaca.

A ƙarshen hanyar akwai wani gida irin mai taya, wanda ake ja da mota, ya yi tsatsa. Hayaƙi na tashi a bayansa. Malam ya ce shi zai jira a mota ya duba takardunsa. Na zaga ni kaɗai. Wata tsohuwa ce tsugune gaban babbar tukunya a kan murhun duwatsu uku, irin namu sak. Ta ga baƙar mace da doguwar kwat da laka, ta miƙe tana goge hannu, fuskar nan babu sakewa. Na miƙa takardar. Ta juya ta sama da ƙasa, ta ƙwala kira, wani magidanci ya fito, surukinta ne, ya karanta mata a bayyane. Ban san abin da Konsuwelo ta rubuta ba. Na dai ga tsohuwar ta dafe ƙirji, ta yi alamar addininsu a goshi, ta kama hannuna ta ja ni ciki.

Sunanta Donya Ines. Mutumin yana ɗan jin Turanci, shi ya yi mana tafinta. Ya ce na yi sa'a, jiya ta dafa, masarar ta kwana a ruwanta, yanzu ta gama wankewa. Ta nuna mini: ƙwayoyin sun kumbura, sun yi ruwan ɗorawa, dusar ta saɓule da kanta ba tare da surfe ba. Ƙanshin kamar na ƙasa in an yi ruwan fari. Na tambaya ko ana sa man alade, ya ce a wani abincin ana sawa, amma wannan masara ce da ruwa da hodar kawai, wadda suke kira kal.

Ta jawo dutsen niƙa daga ƙarƙashin tebur, baƙi, mai ƙafa uku. Surukin ya ce daga garinsu ta taho da shi, a kan cinyarta. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ban san lokacin da na tuɓe kwat ba. Na ce ta matsa. Na ɗaure zane, na durƙusa, na kama ɗan dutsen, na fara. Tun ina 'yar shekara tara a gidan kakata rabona da niƙa a dutse, amma hannu bai manta ba. Tsohuwar ta tsaya baki buɗe, ta faɗi wata magana, surukin ya yi dariya.

"Ta ce a ina kika koya? Ta ce 'ya'yanta ma sun ƙi koya."

Na ce a Afirka. Ta maimaita kalmar, ta zauna kusa da ni tana zuba masara, tana yayyafa ruwa, tana gyara mini in na bar tsaki. Ta yi ta zuba labari da yarensu, ni ma na shiga ba ta nawa da Hausa, na gaya mata sunan yarana da yadda ƙaramin yake kuka ran da na taho. Ba wadda ta ji abin da ɗaya ta ce. Tun da na sauka ƙasar ban yi hira mai tsawon wannan ba. Malam Isiyaku ya yi ta danna ham, na yi kamar ban ji ba.

Ta dunƙula ƙullun ya kai kan jariri, ta naɗe a tsumma mai laima. Na biya abin da ta nuna da yatsunta. Ta ƙara mini da busasshiyar masara da ƙullin kal, ta sa surukin ya faɗa mini yadda ake dafawa har sau biyu. A mota na rungume ƙullun cikin kwat don kada ya sha iska.

Konsuwelo tana kwance na shiga. Na buɗe tsumman kusa da fuskarta, ina tsoron kada ta yi amai. Ta ja numfashi, ta sake ja, ta tashi zaune. Na riƙe ta muka shiga kicin. Ta ɗora kaskon ƙarfe ba mai, ta gutsuri ƙullu, ta shiga tafawa, tas tas tas, har ya zama fai-fai kamar gurasa mara kauri. Suna kiransa tortiya. Ta ɗora, ta juya da yatsa, ya kumbura. Ƙarar tafin ta fito da Misis Gibsin daga gaban talabijin. Aka ba ta ɗaya, ta shafa man shanu, ta ce da an sa sukari, ta koma.

Konsuwelo ta barbaɗa gishiri a ta farko, ta naɗe, ta ci a hankali idonta rufe. Na dubi agogona kamar ina bakin aiki. Minti goma. Minti ashirin. Ta zauna. Ta ci ta biyu, ta sha ruwa rabin kofi. Ta uku ta miƙo mini. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta kai masarmu daɗi ba. Amma na ci, na ce alhamdu lillahi a fili.

Ban kira motar asibiti ba. Daga ranar ta fara ci, da tortiya, sannan wake, sannan ƙwai. Muka koyi dafa masarar da kanmu, muna niƙawa da wani tsohon injin niƙa nama na hannu da Misis Gibsin ta tono mana a gareji. Duk Asabar aikinmu ke nan. Ta koyi cewa "sannu" da "ya isa", ni na koyi sunan ruwa da gishiri da wuta a yarensu. Zoben ya daina zamewa. Ina da ƙahon sauraren ciki da na taho da shi daga Bauchi, duk mako nakan kwantar da ita in auna, in saurara. Ran da ɗan ya fara motsi ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ƙi saki.

Da ciki ya shiga wata bakwai na lalluba na ji kan yana sama. A zaune ɗan yake. Ban damu sosai ba, a wannan lokacin da yawa sukan juya da kansu. Na ce bari in ba shi mako biyu in sake dubawa, in bai juya ba sai in nemo mai jin yarensu ya yi mata bayani sosai, ta san ba haihuwar gida ba ce. Ban gaya mata komai ba, don kada in tsorata ta da hannu da ido a kan abin da ba ni da kalmominsa.

Ran Laraba ta mako na biyu na dawo daga aji da la'asar, na ga ƙofar ɗakinta a buɗe. An share, an naɗe katifa. Misis Gibsin ta ce Ramiro ya zo da hantsi a motar ɗaukar kaya, su biyar, sun samu aiki a wata jiha, ba ta riƙe sunan ba. Ta ce yarinyar ta roƙa a jira ni, ta tsaya a bakin titi tana duban inda bas yake sauke ni, har direban ya yi ham sau uku.

"Ta bar miki wani abu a kicin."

Tortiya ce guda bakwai a naɗe cikin tsumma, da sauran ɗuminsu. Babu takarda. Ko da ta rubuta ma ba zan iya karantawa ba.

Na koma Summerfield da Malam Isiyaku ko Donya Ines ta san inda suka nufa. Muka tarar gidan a kulle, wata ƙabila ce ma daban za ta shigo. Na tambayi duk wanda zan iya tambaya. Watanni biyu da suka rage mini na yi su kamar na farko, daga aji sai ɗaki.

A lissafina, makon da na hau jirgin dawowa shi ne makon haihuwarta. Tun da na koma bakin aiki na karɓi haihuwa ba adadi, uku daga ciki a zaune suka zo, duka Allah ya raba lafiya, don akwai likita a kusa. In kun ga na yi shiru bayan irin wannan haihuwar, Sista Laraba, ba gajiya ba ce. Mako biyu na ba shi, aka zo aka ɗauke ta saura kwana uku. Har yau ban san ko ya juya ba.